Wai soso dabba ne? An soke wa 'yata amsa a gwajin bayoloji

Maman Ummi, Zariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni ga malaman kimiyya da duk wanda Allah Ya hore wa sani, domin abin ya tsaya mini a rai tun ranar Laraba.

'Yata Ummi tana aji ɗaya na babbar sakandare. An yi musu gwajin bayoloji, aka jero musu sunaye goma da Turanci, aka ce su raba su gida biyu: tsirrai gefe guda, dabbobi marasa ƙashin baya gefe guda. Takwas ba su ba ta wahala ba, su tana da fara da katantanwa da rogo. Biyun da suka rage su ne sponge da coral. Na farkon ta san soso ake nufi, sai ta sa shi cikin tsirrai. Na biyun kuma ta tuna hotonsa a littafi, wani abu mai rassa kamar busasshiyar bishiya, shi ma ta sa shi can. Malamin ya ja jan biro a kan duka biyun. Da ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai soso a gidanmu yake fitowa," sai aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya ce ta je ta karanta littafinta. Yarinyar nan ta dawo gida ko abincin rana ba ta taɓa ba. Ita da take cewa likita za ta zama, ranar nan cewa ta yi ƙila ajin kasuwanci ya fi dacewa da ita.

Ni ɗinki nake yi, karatuna bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, amma soso kam na san shi. Duk damina sai ya hau katangar bayan ɗakina, ya miƙa hannu ya kama zogalen da ke kusa. Furensa ruwan ɗorawa ne, da hantsi ƙudan zuma ba sa barin sa. Ɗansa dogo ne kore, idan kaka ta yi sai ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ki girgiza shi ki ji iri na kaɗawa a ciki. Sai a ɓare ɓawon, a kakkaɓe baƙaƙen 'ya'yan, a jiƙa shi ya kwana ya yi laushi. Da shi na cuɗa 'ya'yana biyar. Irin ma yanzu haka yana cikin wata kwalbar man shafawa a kan tagata. To ta ina wannan ya zama dabba?

Daren nan na zauna ina ta juya maganar, sai na ga ashe ni ma ban san inda iyakar take ba. A sanina dabba ita ce mai motsi, mai jini, mai ido da baki. To tana ba ta da ido, ban taɓa ganin ƙashi a jikinta ba, cikin ƙasa take kwana kamar saiwa, amma an ce dabba ce. Sannan wani abu: idan rashin ƙashin baya ne ya sa aka ware su fara da tana, ai rogo ma ba shi da ƙashin baya. Me ya hana a haɗa su wuri ɗaya?

Don Allah a yi mini bayani da Hausar da zan iya maimaita wa yarinyar. Ba rigima nake nema da makaranta ba. So nake ta fahimta, ta daina jin cewa abin da ta gani da idonta a gida abin kunya ne.

Malamin Bayoloji, Funtuwa

Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Kafin komai ki gaya wa Ummi ba ta yi shirme ba. Soson da ta sani tsiro ne, babu tantama. Ɗan gidan su kabewa ne da kankana da duma da agushi, a littafi ana ce masa *Luffa aegyptiaca*. Saƙar nan da kike wanka da ita jijiyoyin cikin ɗan ne, masu kai ruwa da abinci, su ne ke saura bayan naman ya bushe.

Abin da takardar ke nufi wata halitta ce dabam da ke zaune a ƙarƙashin ruwa, galibi a teku, manne da dutse. Tun zamanin tsoffin Girkawa ake nutso a ciro ta a yi wanka da ita, kuma tsibirin Kalimnos na ƙasar Girka da wannan sana'a ya yi suna. Aikinsu ɗaya da soson katanga, shi ya sa sunan wannan ya hau kan wancan. Mu da teku ta yi mana nisa, na katanga muka sani. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, kuma duk shekara sai na shiga aji da soson kasuwa a hannu kafin in furta kalmar nan, saboda na san yaron Bahaushe nan zai faɗa idan ba a tare shi ba.

Yanzu ga iyakar da kike nema. Ki ajiye motsi a gefe, ba shi ne ma'auni ba. Tambaya biyu ake yi wa halitta: yaya take samun abinci, kuma da me aka gina jikinta.

Tsiro shi ke haɗa abincinsa. Yana jan ruwa ta saiwa, ya ɗauki iskar kabon da muke fitarwa idan mun yi numfashi, sai koren nan na ganye, wanda ake kira kulorofil, ya kama hasken rana ya haɗa su su zama sukari. Rarar kuma ya adana ta a matsayin sitaci, shi ne garin da ke cikin rogo da dawa da dankali. Dabba kuwa, tun daga giwa har tana, ba ta iya wannan. Dole ta ci abin da wani ya riga ya haɗa, ta shigar da shi jikinta ta narkar. Tana ƙasa take haɗiya, ta narkar da ruɓaɓɓen ganyen da ke ciki, ta kasayar da sauran. Kuma tana da jini, ja ma kuwa, da baki da hanji da jijiyoyin ji, sai dai ƙanana ne.

Soson teku fa? Jikinsa duk ƙofofi ne. A cikin ƙofofin akwai wasu ƙananan ma'aikata, kowanne da 'yar bulala guda yana kaɗawa, su ke jan ruwa ya shiga, su tace ƙananan halittun da ke cikinsa su cinye, ruwan ya fita ta babbar ƙofa. Ba ganye, ba saiwa, ba fure. Ci yake yi. A shekarun 1820 wani masani ɗan Sikotlan, Robert Grant, ya zauna da madubin ƙara girma yana kallon yadda ruwan ke shiga yana fita, kuma shi ne daga baya ya raɗa wa gidan suna Porifera, wato masu ƙofofi. Wani abin da zai burge Ummi: ɗan soson teku yana jariri iyo yake yi, sai ya sami dutsen da ya yi masa sannan ya manne, ba ya sake tashi.

Tambaya ta biyu ta shigo cikin sana'arki. Jikin kowane mai rai da ƙananan ɗakuna aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani, ana kiran kowanne sel. Sel ɗin tsiro yana da katanga mai tauri kewaye da shi, ta wani abu da ake kira selulos. Kin fi ni sanin selulos, domin zaren auduga kusan shi ne zalla, haka ma takarda, haka saƙar sosonki. Sel ɗin dabba ba shi da wannan katanga, sai 'yar fata mai laushi. Abin da ke ɗaure jikin dabba wuri ɗaya wani furotin ne, wato sinadarin gina jiki, mai suna kolajin, shi ne ke sa romon ƙafar sa ya yi danƙo ya daskare idan ya huce. Saƙar soson teku na wanka dangin kolajin ce.

Kin san yadda maɗinka ke gwada yadi da ashana. Auduga ta kama da wuta ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki na gaske kuwa su nannaɗe su yi ƙaurin babbakar gashi. To gwajin nan shi ne darasin gaba ɗaya. Soson katanga ƙaurin auduga zai yi, soson teku ƙaurin gashi. Zaren tsamiya ma da ake aikin babbar riga da shi a can Zariya, ba bishiyar ce ke yin sa ba, tsutsa ce ke saƙa shi, wato dabba marar ƙashin baya, don haka ƙaurin gashi zai yi.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda ni a wurina ta fi ta takardar gwajin kyau. "Marasa ƙashin baya" ba gida ba ne, ragowa ce. Ana fara raba masu rai ne zuwa manyan dauloli, tsirrai daularsu dabam, dabbobi tasu dabam. Sai an tabbatar abu dabba ne sannan ake tambayar ƙashin baya. Rogo tun a ƙofar farko ya bi wata hanya, tambayar ba ta iso kansa ba. A cikin daular dabbobi akwai manyan gidaje sama da 30, kuma duk masu ƙashin baya, kifi da kwaɗo da ƙadangare da tsuntsu da akuya da mutum, ɓangare ne na gida ɗaya tak. Duk sauran sai aka tara su aka ba su suna da abin da ba su da shi. Wani Bafaranshe, Lamarck, shi ya kafa wannan rabo, yana da littafi a kai a 1801. Kamar a ce "duk wanda ba Bazazzage ba" ne: Bakano ya shiga, Bayarabe ya shiga, mutumin Sin ya shiga, alhali ba abin da ya haɗa su sai rashin zama Bazazzage. Kusan kashi 95 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani suna cikin wannan ragowa. Fara da gara da kunama da gizo-gizo da ƙaguwa gidansu ɗaya, masu sulke a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Tana da matsattsaku nasu dabam. Katantanwa dabam. Kurkunu da tsutsar ciki mai kama da tana dabam. Ki kuma ja kunnen Ummi a kan maciji, yara da yawa na jefa shi nan saboda lanƙwasarsa, alhali ƙashin bayansa ya fi namu yawan gaɓoɓi nesa ba kusa ba.

Manomi daga Giwa

Malam, Allah Ya ƙara basira, na ƙaru. 'Yar'uwa Maman Ummi, ki yi haƙuri in ɗan raɓu da tambayarki, domin akwai abin da bai zauna mini ba.

Malam ya ce tsiro shi ke haɗa abincinsa, dabba ce ke cin na wani. To wuta-wuta fa, wadda wasu ke ce wa ƙuduji? Bara ta cinye mini kusan rabin gonar dawa ta gefen tudu. Na tuge ta da hannuna, na ga saiwarta a liƙe da saiwar dawa kamar kaska a kunnen kare. Dawar ta tsumbure ta yi ja tun kafin ita wuta-wutar ta leƙo sama. In ci ne ma'auni, ai wannan ci take yi. Haka kauci a kan kaɗanya, bai taɓa taka ƙasa ba, a jikin reshe yake tsotso.

Sai naman kaza. Yana fitowa a gindin ruɓaɓɓen kututture da kan juji bayan an yi ruwan dare, fari fat, babu kore ko ɗigo, kuma a inuwa ya fi so. Ba ya motsi. Shi kuma ina aka kai shi?

Motsi ma da Malam ya ce a ajiye, na yarda, domin ni shaida ne tsiro na motsi. Duk wanda ya kai magariba a gonar gyaɗa ya ga yadda ganyen ke haɗe fuska biyu-biyu su kwanta, da safe su buɗe. Tsamiya ma haka. Akwai kuma wata ciyawa mai ƙaya a bakin fadama da ke rufe ganye da zarar ka taɓa ta. Muna yara har gasa muke yi da ita. Me ke motsa su in ba su da jijiya?

Ɗalibar Ilimin Tsirrai, Samaru

Baba Manomi, sannu da aiki, Allah Ya mayar da alherin abin da wuta-wuta ta ci. Bari in taimaka wa Malam da wannan, tunda fannin da nake karanta ke nan.

Abin da ka gani daidai ne. Irin wuta-wuta ƙanana ne kamar ƙura, suna iya shekaru a ƙasa suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da sun tsiro sai su huda saiwar su shiga, su yi makonni a ƙarƙashin ƙasa suna shan ruwa da abincin dawar. Shi ya sa ka ga ɓarnar ta riga fitowarta. Amma dubi abin da ke biyo baya: ta fito da koren ganye, ta yi furen nan mai ruwan hoda, ta zuba iri. A sa ta a madubi, kowane sel da katangarsa ta selulos. Tsiro ce da ta koyi sata. Akwai ma tsirran da suka bar koren gaba ɗaya suka dogara ga wasu, duk da haka tsirrai ne.

Dalili shi ne, a yau rabon halittu asali yake bi, ba sana'a ba. Ɗan gidan maƙera ko ya bar ƙira ya koma fatauci, ba a cire shi daga gidan. Ma'aunan da Malam ya kawo alamomin gida ne, shi ya sa ba a dogara da guda ɗaya, ana haɗa su da yawa, yanzu kuma har da binciken ƙwayoyin gado. A wancan ɓangaren ma akwai masu rikita mutum. A gaɓar tekun gabashin Amurka akwai wata 'yar dabba dangin katantanwa marar ƙoƙo, *Elysia chlorotica*, da ke tsotse koren gansakukar ruwa ta ajiye a jikinta, ta zama koriya shar kamar ganye, tana amfana da hasken rana. Ba ta zama tsiro ba, aron kore ta yi.

Naman kaza kuwa an daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai, har sai da Robert Whittaker ya kawo tsarin dauloli biyar a 1969 ya ba su tasu daular, tare da yis na burodi da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu. Wannan tsari shi ne har yanzu a yawancin littattafan sakandarenmu. Naman kaza bai haɗa abinci kamar tsiro, bai kuma haɗiya kamar dabba. Ruwan narkarwa yake zubawa a kan kututturen, ya narke a waje, sannan ya tsotse. Sel ɗinsa na da katanga, amma ba ta selulos ba, ta kaitin ce, abin da aka yi sulken fara da shi, wannan da ke ƙaras-ƙaras a baki idan an soya ta. Binciken gado ya nuna naman kaza ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Ranar da aka fara gaya mana wannan a aji sai da na sake tambaya don in tabbatar na ji daidai.

Ganyen gyaɗa ruwa ne ke motsa shi. A gindin kowane ganye akwai ɗan kumburi. Idan sel na gefe ɗaya suka cika da ruwa, na ɗaya gefen suka saki nasu, sai ganyen ya karkata. Babu tsoka, babu jijiyar ji irin ta dabba. Fara kuwa da tsoka take tsalle, kuma tana da 'yar ƙwaƙwalwa.

Umma, ga wata 'yar dabara da Ummi za ta riƙe. Masana tsirrai da masana dabbobi kowa da kundin dokokinsa na raɗa suna. Duka biyun daga Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin suka faro, na tsirrai daga littafinsa na 1753, na dabbobi daga bugun 1758. Sunan dangi a tsirrai yawanci da -aceae yake ƙarewa, kamar Cucurbitaceae na su soso da kabewa. A dabbobi kuma da -idae, kamar Acrididae na su fara. Idan ta ga baƙon suna a jarrabawa, wutsiyarsa kaɗai na iya gaya mata inda ya dosa.

Hajiya 'Yar Damagaram

Salamu alaikum. Kowa ya tsaya a kan soso, an bar na biyun, alhali shi ma ɗan gida ne. Maman Ummi, ƙanwata, abin da aka rubuta wa 'yarki murjani ne. Murjanin nan dai da iyayenmu ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda sunansa ya zo a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Ni malamar makaranta ce da na yi ritaya, kimiyyar rayuwa na koyar a nan Nijar, kuma da abin wuyan kakata nake buɗe wannan darasi.

Jan murjani na gaske daga tekun Bahar Rum yake. A zamanin da, fatake ne ke ƙetaro Sahara da shi daga arewa, ya bi ta su Agadas ya iso kasuwanninmu. Har gobe akwai wani gari kusa da Napoli a Italiya, Torre del Greco, da aka sani da sassaƙa shi. A cikin ruwa reshe ne ja mai rassa, daidai yadda Ummi ta gani a hoto. A jikin reshen akwai ɗaruruwan 'yan halittu farare, kowacce da baki a tsakiya da hannuwa takwas kewaye da shi, suna buɗewa su kama abin da ruwa ya kawo. Jan reshen ƙashinsu ne na tarayya, dangin farar ƙasa, suna gina shi a hankali ƙwarai cikin shekaru masu yawa. Shi ake yankawa a huda a goge.

Abin da nake so a karanta wa yarinyar shi ne wannan. A 1706 wani babban masani ɗan Italiya, Marsigli, ya sa reshen murjani a ruwan teku, ya ga fararen abubuwan nan sun buɗe, ya sanar cewa ya gano furen murjani, ke nan tsiro ne. Masana suka karɓa. A shekarun 1720 wani likita ɗan garin Marsai na Faransa, Peyssonnel, ya bi masu kamun murjani a gaɓar Afirka ta Arewa, ya lura cewa furannin nan suna motsa hannuwa, suna janyewa idan an taɓa su. Ya ce dabbobi ne. Manyan masanan Faris ba su yarda ba, sai bayan shekaru da dama aka tabbatar da maganarsa. Linnaeus kansa ya buɗe wani rukuni da ya kira Zoophyta, ma'ana dabba-tsiro, don irin waɗannan halittu da suka tsaya masa a tsakani. Abin da ya ɗauki manyan Turai shekaru suna gardama, ba a yi wa yarinyar da ba ta taɓa ganin teku ba dariya a kansa. Amsar ta kuskure, gaskiya ne, amma hujjarta irin ta masu lura ce.

Wuri ma da kakanninmu suka yi ciniki da shi ƙoƙon wata dabba ce dangin katantanwa, mafi yawansa daga Tekun Indiya, musamman tsibiran Maldib. Lu'ulu'un teku kuma a cikin wata kawa yake samuwa. Adakar tsohuwar Bahaushiya cike take da dabbobi marasa ƙashin baya.

Maman Ummi, Zariya

Jama'a, Allah Ya saka da alheri, Ya ji ƙan mahaifa. Malam, Baba, 'yata ta Samaru, Hajiya, ban san da bakin da zan gode muku ba.

Jiya bayan isha'i na zaunar da Ummi na miƙa mata wayar ta karanta da kanta. Ta kai wurin Marsigli ta tsaya ta sake karantawa. Daga nan muka fita tsakar gida da ashana. Na yanko guntun atamfa, ta ciro ɗan soso, na aiki ƙaninta gidan maƙwabcinmu mai aikin babbar riga ya roƙo mana zaren tsamiya kamar tsawon yatsa. Atamfar da soson suka ci da wuta bal-bal, ƙauri iri ɗaya, toka fara-fara da iska ta kwashe. Zaren tsamiyar kuwa ya ƙudundune, ya bar ɗan baƙin dunƙule da ta murje da yatsa ya zama gari, ƙaurinsa sak na babbakar kan rago. Ummi ta shinshina yatsanta ta dube ni ta ce, "Umma, furotin." Shekara ashirin ina wannan gwaji don kada a sayar mini da jabun yadi, ban san tsiro da dabba nake rabawa ba.

Hajiya, da safen nan na buɗe adaka na ɗauko murjanin mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta. Ƙwaya tara ne suka rage a zaren. Ummi ta kai su bakin taga tana juyawa a haske, ta nuna mini wasu siraran layuka da suka bi tsawon kowace ƙwaya, da wani ɗan rami a jikin guda. Ta ce za ta zana su a littafinta kusa da zanen soson katanga.

Makin da aka soke na yarda ya tafi a kan daidai, ba zan nemi a mayar ba. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne sallamar yarinya da "je ki karanta" alhali minti biyu sun isa a ce mata soso iri biyu ne. Ranar Litinin zan raka ta makaranta in gaisa da malamin cikin mutunci, in kai masa soso guda da ban ɓare ba, da irinsa a ciki, ko zai yi amfani da shi ga 'yan ajin baɗi yadda Malamin Funtuwa ke yi.

Saura abu ɗaya. Ummi ta nace sai ta ga soson teku na gaske ta ƙona gefensa da hannunta. Na zaga kasuwar Sabon Gari, duk na roba ne da na raga. In akwai wanda ya san inda ake samun sa a Kaduna ko Kano, ko mai tafiya Umara da zai duba mana a Jidda, don Allah ya yi mini magana, ko ɗan guntu ne zan biya.